Sharaɗin Komawa Baya a Ma'anar Rukunin Tofoloji

Rukuni a lissafi tarin abubuwa ne da ke da ƙa'idar haɗa biyu su haifi na uku a cikin tarin, da ɗan ba-ruwana wanda haɗuwa da shi ba ta sauya komai, sannan kowane abu yana da kishiyar da ke warware shi. In abubuwa uku ne a jere, a fara haɗa biyun farko ko biyun ƙarshe, sakamako ɗaya ne. Wilin keken ɗinkin tela a kasuwar Kazaure ya isa misali: juyin digiri 30 da na 50 sun ba da 80, barin wilin a tsaye shi ne ɗan ba-ruwana, mayar da shi baya kuma kishiya. Abin da tofoloji ya ƙara shi ne kusanci: in an ɗan gusa da ɗaya daga cikin juyin biyu, sakamakon ma ɗan gusawa zai yi, ba tsalle ba. Wannan ake nufi da ɗorewa.

Tun maƙalar Otto Schreier ta 1925, wadda ta tsame ma'anar daga aikin Sophus Lie ɗan Norwe, sharuɗɗa biyu ake gindayawa: haɗawa ta ɗore, ɗaukar kishiya ma ta ɗore. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar na biyun a matsayin cikon benci, tunda a ganinsu na farko ya riga ya ɗauke shi. Ina ganin wannan kuskure ne babba, kuma layin da Robert Sorgenfrey ya kawo a 1947 ya isa hujja.

A ɗauki layin lambobi da tarawar da kowa ya sani, amma a sauya ma'anar kusanci: ba a kusantar lamba sai ta hannun dama, wato maƙwabtan sifili su ne shi kansa da waɗanda suka ɗara shi kaɗan. Tarawa ba ta samu matsala ba, domin abin da ya ɗara 2 kaɗan, in an tara shi da abin da ya ɗara 3 kaɗan, zai ɗara 5 kaɗan. Yanzu a dubi jerin 1, 1/2, 1/3, 1/4 har illa masha Allah. Yana gangarowa kan sifili ta dama, don haka ya isa. Kishiyoyinsa kuwa, -1, -1/2, -1/3, ta hagu suke tahowa, inda ƙofa take a rufe, kuma duk daɗewarsu ba za su shiga maƙwabtakar sifili ba. Ga rukuni, ga haɗawa mai ɗorewa, amma komawa baya ta yanke.

To me ya sa ake yawan ruɗewa? Saboda misalan da aka saba da su, irin da'ira da layin lambobi na yau da kullum, duk suna cikin sararin da sharaɗin ke zuwa kyauta. Deane Montgomery ya nuna haka a 1936 ga wasu sararori masu cikakken ma'aunin nisa. A 1957 Robert Ellis ya tabbatar cewa in sararin na Hausdorff ne, wato kowane ɗigo biyu ana iya ba su maƙwabtaka biyu da ba sa haɗuwa, kuma dunƙulalle ne a kewayen kowane ɗigo, ya wadatar haɗawa ta ɗore a kowane ɓangare shi kaɗai. Sharuɗɗan biyu za su biyo baya. Layin Sorgenfrey ya kuɓuce wa wannan hukunci ne domin duk wani dunƙulallen yanki nasa ƙirgau ne, wato ana iya jera ɗigoginsa ɗaya bayan ɗaya, don haka ba zai cika maƙwabtaka ba.

Saboda haka malamin da ya rubuta sharaɗin a allo ya wuce bai kyauta wa ɗalibansa ba, wanda ya share shi kuma ya fi ɓarna. Da shi ake samun maƙwabtakar ɗan ba-ruwana wadda ke ɗauke da kishiyar duk abin da ke cikinta, kuma da irin wannan maƙwabtaka ake tabbatar da cewa rukunin tofolojin da kowane ɗigonsa rufaffe ne dole ya zama na Hausdorff. In an cire sharaɗin, wannan hujja ta rushe tun daga layinta na farko.