Kango, Kufai da Gandu: Tarihin da Ke Cikin Sunayen Gonaki

Manomin Minjibir ko Ungogo ba ya haɗa kango da kufai. Kango gida ne da mutanensa suka tashi amma katanga tana tsaye. Rufi ya rufta, azara ta zube, duk da haka ana iya nuna inda zaure yake, har a faɗi sunan mai shi. Kufai ya wuce nan. Damina bayan damina ta narkar da tubali, an zo da garma an yi kunya a kai. Baƙo zai ratsa bai ga komai ba sai dawa da gero. Mai gonar kuwa ya san hatsin wannan gefen ya fi duhu da ƙarfi, ya san fartanyarsa tana yawan karo da tsingaro, kuma ya taso ya ji kakansa yana ce wa wurin kufai.

A ganina, duk mai neman tarihin gidajen gona na arewacin Kano, da waɗannan kalmomi ya kamata ya fara, tun kafin ya ɗauki shebur. Dalili kuwa shi ne irin gininmu. A Chedworth ta ƙasar Ingila an gano wani gidan gona na zamanin Rumawa a shekarar 1864. Da dutse aka gina shi, don haka masu tono suka iya bin girmansa daki-daki: an fara a ƙarni na 2 da 'yan gine-gine a rarrabe, a ƙarni na 4 aka haɗe su, aka faɗaɗa, aka yi daɓe mai ado. Namu gidan ƙasa ne da kara da shuci. Kuma yana zaune a karkarar da Michael Mortimore ya yi nazari a kanta tun shekarun 1960, inda mutane suka yi yawa har kusan babu saura, kowace gona ana nomanta kowace shekara. Gidan da ya faɗi a nan ba a barinsa ya huta.

Abin da yake ragewa kaɗan ne, amma kowanne da sunansa. Akwai kududdufi, ramin da aka haƙi ƙasar gini; girmansa yana nuna yawan ginin da aka yi a kusa. Akwai tsohuwar rijiya, da dutsen niƙa, da juji wanda ya zama ɗan tudu mai toka da ƙashi. Akwai ramin marina, wanda lason da aka shafe shi da shi ya hana shi rushewa. Akwai kashin maƙera, kuma kada a raina shi: a gindin Dala, shaidar narkar da tama ce ta nuna akwai mutane a wurin tun wajen ƙarni na 7. Sai itatuwa. Kukoki a cunkushe a tsakiyar gona sau da yawa alama ce ta an taɓa zama. Shi ya sa sunaye irin su Rijiyar Lemo, Kurna, Rimin Gado da Ɗorayi ba ado ba ne. Abin da mutanen farko suka taras ko suka haƙa ne ya zama sunan wurin.

Tsingaro dai yana da yaudara. Shekaru aru-aru jakuna suna shiga birni da itace, suna komawa ƙauye da mangalar taki, kuma a cikin takin nan akwai fasassun tukwanen mutanen birni. Wanda ya tsinci tsingaro a gonar Ungogo ya ce ya gano gida, mai yiwuwa sharar wata unguwa ta cikin ganuwa ya tsinta. Masu binciken gonakin Rumawa ma suna fama da wannan rikici. A nan sunan wuri yake taimako, domin manomi ba ya ce wa gona kufai don kawai ta sha taki.

Kalmar da ta fi ɗaukar nauyi ita ce gandu, saboda fuska biyu gare ta. Ta farko ta gida ce: uba da 'ya'yansa, har masu aure, suna noma babbar gona tare, ana ci daga rumbu ɗaya, kowane ɗa kuma yana da gayaunarsa da yake nomawa a nasa lokacin. Polly Hill ta yi rubutu mai zurfi a kan wannan tsari a Batagarawa da Ɗorayi. Shi ne yake bayyana yadda gida yake girma. Ɗa ya yi aure, a ja danga a fitar masa da sashe. Uba ya rasu, a raba gado, gandu ya watse, wani ya fasa tasa ƙofar. Ta haka Gidan Wane yake zama Unguwar Wane, wanda ya matsa gefe kuma a ce da nasa Sabon Gida, sunan ya bi shi ko ya shekara ɗari.

Fuska ta biyu ba ta da daɗin faɗa, amma dole a faɗa. Gandun sarki da na masu sarauta da attajirai bayi ne suke nomawa, kuma mazaunin bayin shi ne rinji. Fanisau, arewa da birni, Sarkin Kano Ibrahim Dabo (1819–1846) ya ƙarfafa ta a matsayin ribaɗi lokacin yaƙinsa da Ɗan Tunku, a can kuma Bature matafiyi Clapperton ya je ya gaishe shi a 1824. Daga baya gandaye suka kewaye ta, kamar yadda Mohammed Bashir Salau ya nuna a littafinsa na 2011. Inda duk aka ji Rinji ko Gandu a sunan wuri, ya kamata a tambaya: wa ya yi noman, ina ya kwana, ina aka binne shi? Waɗannan mutane ba su bar rubutu ba. Abin da suka bari yana ƙarƙashin kunya.

Cewa suna yana iya kai mai bincike ga gaskiya, an riga an gani. A ƙasar Nijar, a yankin Damagaram, akwai wurin da ake kira Kufan Kanawa, wanda mutanen yankin suke cewa daga nan Kanawa suka tashi. Anne Haour ta bi sunan ta yi tono, ta samu shaidar zama tsakanin wajen 1300 da 1650. Tonon bai tabbatar da labarin ƙaura ba, amma ya tabbatar da cewa masu cewa kufai ne ba su yi ƙarya ba.

Abin da yake damuna shi ne saurin da abin yake ɓacewa. Ta hanyar Katsina, daga Kurna har Dawanau, gonaki suna zama fuloti, ana cike kududdufai, lamba tana maye gurbin suna. Gandun Albasa yau tsakiyar gari ne. Amma akwai masu iya aikin: Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen binciken kayan tarihi, Jami'ar Bayero tana da masana Hausa da tarihi a bakin ƙofar wannan karkara. Ɗalibi ɗaya zai iya zama da mai unguwa da dattawan ƙauye guda a Dawakin Tofa ko Ɗambatta, ya bi gonakinsu ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta sunan kowace da wanda ya fara saran ta, ya sa alama a taswira duk inda suka ce masa nan kufai ne.