Tarihin Bindigar Iska Mai Sifirin da Dalilan Kaucewar Harsashinta

Tun sa'ad da aka fara ƙera bindigar iska mai sifirin, kuka ɗaya maharba suke yi da ita, musamman in tana sabuwa. Yau a daidaita saiti, harsashi ya faɗa tsakiyar abin bara. Gobe a ɗauko ta ba wanda ya taɓa kome, sai a ga ya koma sama ko gefe. Da yawa sukan mayar da lafiyayyar bindiga wurin mai sayarwa saboda wannan. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa manyan dalilan kaucewar huɗu ne, kowanne kuwa akwai zamanin da aka yi fama da shi, har aka gano kansa.

Sunan "bindigar iska" ya haɗa iri biyu. Akwai wadda ake ɗura wa iska a cikin tulu, kamar wadda Girardoni ya ƙera, sojan Ostiriya suka fara riƙewa wajen 1780. Akwai kuma mai sifirin, wadda ba ta ajiye iska ko kaɗan. In an ɗana ta, sai a danne sifirin mai ƙarfi a bayan fistin. In an ja kunama, sifirin ya cilla fistin gaba cikin silinda, ya matse iskar da ke gabansa, ita kuma ta tura harsashin dalma. Irin wannan ta yaɗu cikin shekarun 1870, lokacin da Quackenbush na garin Herkimer a Amurka ya shiga ƙera ta da yawa, sa'an nan maƙeran Jamus suka bi sawu da wata mai araha da ake kira Gem.

Matsala ta fari ita ce gaɓa. Gem da ire-irenta karya su ake yi a tsakiya, watau bututun ne ake lanƙwasawa ƙasa a ɗana sifirin. Bayan Yaƙin Bowa na 1899 zuwa 1902, ma'aikatan Birmingham suka rungumi gasar harbin ƙararrawa daga nisan yadi 6, a nan ne kuwa aibin gaɓa ya fito fili: tana sakwarkwacewa, iska tana zurarewa, ƙarfin harbi ya riƙa bambanta. Wani maƙerin garin, Lincoln Jeffries, ya yi rajistar sabuwar dabara cikin 1904, kamfanin BSA ya fara ƙera ta cikin 1905. Bututunta a kafe yake, da wani hannu na dabam a ƙarƙashi ake ɗana ta. Cikin shekarun 1950 kamfanin Weihrauch na Jamus ya bi wata hanya, ya bar gaɓar amma ya yi mata sakata a bindigarsa HW 35.

Matsala ta biyu ita ce shuri. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an hana Jamusawa bindigogi masu cin albarushi na ɗan lokaci, sai ƙungiyoyin maharbansu suka koma ga bindigar iska, suka tsananta bincike a kanta. Shurin mai sifirin biyu ne. Sa'ad da fistin ya zabura gaba, bindiga takan ja baya. Sa'ad da ya kai ƙarshen silinda, sai ta fizga gaba. Harsashi kuwa ba ya barin bututu sai bayan motsin ya fara. Saboda haka duk canjin da aka samu a riƙo, ko matsa kafaɗa, ko inda aka ɗora tafin hannu, yakan canja inda bakin bindiga yake duba a lokacin fita. A farkon shekarun 1960 kamfanin Diana ya yi amfani da dabarar Giss, ta fistin biyu masu gudu gaba da baya don su kashe shurin juna. Feinwerkbau kuma ya ɗora silinda da bututu a kan layin ƙarfe, suna zamewa baya ƙota tana tsaye. Waɗannan sun yi tsada, ba su wuce hannun 'yan gasa ba. Da harbin bindigar iska na mita 10 ya shiga wasannin Olamfik cikin 1984, ba a daɗe ba 'yan gasa suka bar sifirin suka koma ga matsattsiyar iska. Ga sauran maharba, abin da ya rage shi ne riƙon da wani marubuci Ba'amurke, Tom Gaylord, ya yayata cikin shekarun 1990: a ɗora bindiga a buɗaɗɗen tafi, a bar ta ta yi shurinta, wuri ɗaya kullum.

Matsala ta uku ita ce mai, ita ce kuma ta fi shafar sabuwar bindiga. G. V. Cardew da ɗansa G. M. Cardew, mutanen Ingila, sun bayyana gwaje-gwajensu cikin littattafai biyu, na 1976 da na 1995. Sun nuna cewa matsar iska tana haifar da zafin da yake ƙona ɗan man da ke cikin silinda, kamar yadda injin dizal yake yi. Da suka harba bindiga cikin iskar naitirojin, wadda wuta ba ta ci a cikinta, gudun harsashi ya ragu da wajen sulusi. Ashe ke nan wani ɓangare na ƙarfin daga ƙunar mai yake zuwa. Sabuwar bindiga da giris mai yawa take fitowa daga masana'anta. Wani harbi ya ƙona da yawa, har a ji ƙara a ga hayaƙi, wani ya ƙona kaɗan, harsashi ya riƙa hawa da sauka. Ba a sanin halinta sai rarar man ta ƙone, sassanta sun goge juna, abin da yakan ci ɗaruruwan harbi. Ƙara mata man injin ƙara cuta ne, yana iya karya sifirin.

Matsala ta huɗu ta zo da madubin hangen nesa, wanda ya yawaita a kan waɗannan bindigogi daga shekarun 1970. Shuri mai fuska biyu yakan sa madubi ya riƙa jan ciki baya a kan mazauninsa, yakan kuma kwance gilasan wanda ba a gina shi don haka ba. Shi ya sa aka ƙirƙiro ƙusar tsayarwa mai shiga rami a bayan silinda. Har wa yau madubi ya farfaɗo da tsohuwar matsalar gaɓa. Saitin ƙarfe, na gaba da na baya, duka a kan bututu suke, inda ya nufa nan suke nufa. Madubi kuwa a kan silinda yake. In bututu ya rufe da bambancin ushirin digiri ɗaya tak, a nisan yadi 25 harsashi zai kauce fiye da inci ɗaya da rabi.

Daga wannan tarihi ana iya tsara bincike bi da bi. A fara da sukurorin da suka haɗa ƙota da silinda, gama girgiza takan kwance su tun cikin harbin farko. A harbe gwangwani guda na harsashi iri ɗaya, wanda yawanci 500 ne, kafin a yanke hukunci. A cire madubi a gwada da saitin ƙarfe: in kaucewar ta tsaya, laifin madubi ne, ko mazauninsa, ko gaɓa, in ta ci gaba, a dubi riƙo da zoben da yake toshe iska a gindin bututu. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci ɗaya, a harba biyar ko goma, a rubuta sakamako. Sai an bi waɗannan matakai duka ba a dace ba, sa'an nan ya halatta a ɗora laifi a kan maƙeri.