Mutum nawa ya kamata a tambaya kafin a ce “ra'ayin jama'a”?

Duk lokacin da kamfani ke son sanin ko sabon kayansa zai karɓu, ko wata cibiya ke son auna farin jinin ɗan takara, tambayar farko ita ce mutum nawa za a tuntuɓa. Waɗanda aka zaɓa su wakilci sauran su ake kira samfur, kuma yawansu ne ke nuna girman kuskuren da sakamakon zai iya ɗauka.

Lissafin sananne ne. Idan an zaɓi mutane ta hanyar ƙuri'a, yadda kowa ke da damar shiga daidai da ta kowa, mutum 100 na ba da tazarar kuskure ta kusan maki 10 sama ko ƙasa, a matakin tabbaci na kashi 95 cikin 100. Mutum 400 na rage ta zuwa maki 5, mutum 1,000 zuwa maki 3, amma kafin ta sauko maki 1 sai an tambayi kusan mutum 10,000. Wato mai son rage kuskuren da rabi sai ya ninka samfurinsa sau huɗu, kuɗin aikin ma ya bi sahu.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, da zarar al'umma ta kai dubbai masu yawa, girmanta ba ya ƙara wani abin a zo a gani a lissafin. Samfurin da ya ishi birnin Kano zai ishi Najeriya baki ɗaya. Shi ya sa dabarar Taro Yamane, wadda ɗalibai da yawa ke kwafa a kundin kammala digiri, ke tsayawa a kusan 400 komai yawan jama'ar, muddin an amince da kuskuren maki 5. Cibiyar Afrobarometer kan tambayi mutum 1,200 zuwa 2,400 a kowace ƙasa.

Sai dai wannan lissafi bai ce komai ba a kan waɗanda aka tambaya. Mai sayen gero a Dawanau ba ya zazzage buhu, tafi ɗaya ya ishe shi, amma ya san kada ya tsaya ga na bakin buhun. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardu kusan miliyan 10, ta samu amsa sama da miliyan biyu, ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Yawancin sunayen daga kundin masu tarho da masu mota aka samo su, kuma waɗanda suka damu su mayar da amsa sun fi karkata ga Landon. George Gallup, da samfurin da bai kai ko kusa da nasu ba, ya faɗi wanda zai ci. Ƙuri'ar da ake jefawa a X ko Facebook wannan ciwon gare ta, ko da mutum dubu ɗari suka latsa, domin manomin da ba shi da data da matar da ba ta da waya ba sa ciki.

Akwai kuma tarkon rarraba sakamako. Tazarar da ake bugawa a ƙasan rahoto ta samfurin gaba ɗaya ce. Mutum 1,600 na ba da kuskuren maki 2.5 ga ƙasa, amma idan aka raba su ga jihohi 36 da Abuja, kowace za ta samu kusan mutum 43, kuskuren ya haura zuwa maki 15. Da irin wannan adadi, iƙirarin cewa wane na gaban wane da maki 6 a Jigawa ba shi da madogara, ko da alƙaluman ƙasa na rahoton sahihai ne.