Miskali Da Baƙin Dutse: Yadda Mutanen Da Ke Gwada Zinariya

Mai karatu, ƙasar Buji ba a san ta da haƙar zinariya ba, ƙasar noma ce. Amma duk uwar da ta taɓa tashi daga Gantsa zuwa Dutse ko Kano don sayen 'yan kunnen amarya ta san fargabar nan: shin wannan abin mai ƙyalli zinariya ce, ko tagulla aka yi wa wanka?

Tambayar tsohuwa ce. Fataken da ke bin hanyar Gwanja tun ƙarni na 15 goro suka fi ɗaukowa, amma sukan haɗo da garin zinariya daga ƙasar Asante. Gari kuwa ya fi komai sauƙin algus, domin ɗan damfara sai ya kankare farin ƙarfe ko tagulla ya gauraya. Shi ya sa falke ba ya rabuwa da ɗan mizaninsa da duwatsun awo. Ma'aunin shi ne miskali, nauyin dinarin Musulunci, wajen giram 4.25. Abin da bai kai miskali ba akan auna shi da ƙwayar idon zakara.

To, amma mizani nauyi kawai yake faɗa, ba ya faɗin kyau. Nan baƙin dutse ya shigo, wanda Larabawa ke kira mihakku. Sai a goga zinariyar a jikinsa ta bar zane, a goga wata wadda aka san darajarta a gefe, a kwatanta launi. Idan zanen ya yi ja-ja akwai tagulla, idan ya yi fari-fari akwai azurfa. Girkawa sun rubuta wannan dabara tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga baya aka ƙara da ɗiga ruwan asid a kan zanen: na jabu ya ɓace, na gaske ya tsaya. A ganina wannan dutse ya fi sauran kayan wayo, tunda ba ya ɓata kayan mutum, sai dai yana buƙatar idon da ya daɗe a sana'a.

Azurfa kuwa da kunne ake jin ta. Dalar Mariya Tariza, mai ɗauke da shekarar 1780, wadda maƙeran farfaru ke narkawa su yi mundaye, akan jefa ta ƙasa a saurari amonta.

Gwajin da babu gardama a kansa shi ne na wuta. Akan narka samfuri tare da dalma a ɗan kasko na tokar ƙashi, kaskon ya shanye dalmar da sauran datti, a bar ɗigon zinariya da azurfa a auna. Da shi kamfanonin haƙa ke sanin ko rami zai biya wahala. Dalmar nan dai ita ce ke cikin duwatsun zinariyar Zamfara, waɗanda aka riƙa niƙawa a cikin gidaje a yankunan Anka da Bukkuyum, har ƙurarta ta kashe yara sama da 400 a shekarar 2010.