Windows 10 ko Windows 11: Abin da mai haɗa kwamfuta da kansa ya kamata ya sani

Wanda ya sayi kwamfuta sabuwa fil daga kamfani ba shi da wannan damuwa, domin an riga an yanke masa hukunci tun daga masana'anta. Tambayar ta wanda ya tattaro kayansa ɗaya bayan ɗaya ce: furosesa daga wannan shago, madabod daga wancan, RAM daga wata tsohuwar kwamfuta, ya zauna ya haɗa, sannan ya tsaya yana tunanin wace babbar manhaja zai ɗora mata. A yawancin shaguna da ofisoshi zaɓin bai wuce biyu ba, wato Windows 10 da kamfanin Microsoft ya fitar ranar 29 ga Yuli, 2015, da kuma Windows 11 da ta biyo baya ranar 5 ga Oktoba, 2021.

Shekaru da dama ana iya cewa abin ra'ayi ne, kowa da wadda ta fi kwanta masa. Wannan ya canja ranar 14 ga Oktoba, 2025, lokacin da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10.

Me daina tallafi ke nufi?

Kwamfutar ba za ta mutu ba. Za ta kunnu, ta buga takarda, ta hau intanet kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro da kamfanin ke turowa kowane wata domin toshe kafofin da masu kutse ke ganowa. Kafar da aka gano bayan wannan rana za ta zauna a buɗe. Abin da ya ƙara muni shi ne manhajojin biyu sun yi tarayya a sassa masu yawa, don haka gyaran da aka fitar wa Windows 11 kan zama ishara ga ɓarayi cewa akwai irin wannan rauni a Windows 10.

An taɓa ganin illar haka. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle bayanan kwamfutoci a ƙasashe da yawa tana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Birtaniya suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Microsoft ya riga ya fitar da maganin kafar tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su saka shi ba su ne abin ya rutsa da su. Ɗan kasuwar da ke shiga asusun bankinsa da kwamfuta, ko ma'aikacin da ke ajiye takardun ofis a cikinta, shi ya fi kowa buƙatar wannan kariya.

Akwai ɗan rangwame. Microsoft ya sanar da wani shiri mai suna ESU wanda ke ba masu amfani na gida ƙarin gyare-gyaren tsaro zuwa 13 ga Oktoba, 2026, a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa saitunan kwamfutarsa da asusun Microsoft. Kamfanoni kuwa suna farawa da dala 61 kan kowace kwamfuta, kuɗin yana ninkawa kowace shekara har shekara uku. Jinkiri ne kawai aka sayar wa mutane domin su shirya ƙaura.

Furosesa ce ke yanke hukunci

Sharuɗɗan Windows 11 a takarda ba su da tsauri: RAM gigabait 4, ma'ajiya gigabait 64, da furosesa mai bit 64. Inda gizo ke saƙar shi ne jerin furosesocin da aka amince da su. A ɓangaren Intel, kusan sai zubi na takwas zuwa sama. A ɓangaren AMD, daga Ryzen 2000. Ana gane zubin Intel daga lambar da ke bin sunan: Core i5-7500 zubi na bakwai ne, ba ya cikin jerin, amma i5-8400 na takwas ne, ya shiga. Haka Ryzen 5 1600 bai shiga ba, Ryzen 5 2600 ya shiga.

Wannan ya shafi duk mai sayen kayan gwanjo, ko a Computer Village da ke Ikeja ne ko a Banex da ke Abuja. Furosesocin zubi na shida da na bakwai suna da araha, kuma arahar tana da dalili. Mai shago na iya cewa "ai Core i7 ce," amma i7 ta zubi na shida ba ta cika sharaɗin ba, alhali i3 ta zubi na takwas ta cika. Mai saye ya dubi lambar, kada sunan ya ruɗe shi. A ganina, ƙara ɗan kuɗi a sayi zubi na takwas ya fi a rage kuɗi a haɗa kwamfutar da aka haifa da tsufa.

Idan kayan sababbi ne, maganar ta juya. Daga zubi na 12 da ya fito ƙarshen 2021, yawancin furosesocin Intel suna da sassa iri biyu, masu ƙarfi da masu tsimin wuta, kuma Windows 11 ce aka tsara domin ta raba musu aiki yadda ya dace. Ɗora wa irin wannan Windows 10 tauye ta ne.

Sai batun TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke adana makullan sirri, wanda Windows 11 ta wajabta. Masu haɗa kwamfuta da yawa sun ga saƙon cewa na'urarsu ba ta cancanta ba, suka fidda rai, alhali sashen yana nan a cikin furosesar, a kashe kawai yake. Ana kunna shi a cikin saitin BIOS, inda Intel ke kiransa PTT, AMD kuma fTPM. A nan ne kuma ake tabbatar da cewa kwamfutar na tashi da tsarin UEFI, ba tsohon tsari ba. Manhajar PC Health Check ta Microsoft, wadda kyauta ce, tana faɗin sharaɗin da aka gaza cikawa.

Inda tsohuwar ke da sauran amfani

Akwai wanda ke da tsohuwar firinta ko sikana ko wata manhajar lissafin kaya da aka rubuta tuntuni, wadda ba ta aiki sai a kan tsohon tsari. Windows 11 ba ta da samfurin bit 32 sam, don haka manhajoji na zamanin da can da suka dogara da shi ba za su tashi ba. Irin wannan mutum yana da hujjar riƙe Windows 10, da sharaɗin ya cire kwamfutar daga intanet, ya kuma kula da filas ɗin da ake soka mata. Kwamfutar da aikinta buga rasiti ne kawai za ta iya yin shekaru a haka.

Wasu kuma sabo ne ya riƙe su, ba sa son maɓallin Start da aka mayar tsakiya. Wannan ana mayar da shi hagu cikin minti ɗaya. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne Windows 11 tana neman intanet da asusun Microsoft tun wajen sakawa, ga shi fayil ɗin kansa ya haura gigabait 5, abin da mai sayen data zai ji a aljihunsa.

Masu gyara suna da dabarun tsallake sharuɗɗan, musamman da manhajar Rufus, kuma sau da yawa kwamfutar na aiki lafiya. Sai dai Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alƙawarin ci gaba da turo wa irin waɗannan gyare-gyare ba. Na karatun yara a gida, ana iya gwadawa. Wadda kasuwanci ya rataya a kanta, ban ba da shawara ba. Wanda kayansa suka tsufa kuma aikinsa bai wuce intanet da rubutu ba, gara ya duba Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne. Samfurin Ubuntu 24.04 yana da tallafi zuwa 2029, kuma LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel, ko da yake tsarin shafi kan ɗan goce wani lokaci.

Game da lasisi, wanda ke da sahihin lasisin Windows 10 ba ya biyan komai wajen komawa 11, amma makullan Windows 7 da 8 sun daina aiki tun 2023. Lasisin yakan ɗaure ne da madabod, saboda haka mai niyyar canja ta nan gaba ya haɗa lasisin da asusunsa tun yanzu. Kwafin da aka fasa, wanda ake ɗora wa mutane a shago ba tare da an tambaye su ba, yakan zo da baƙin da mai kwamfuta bai gayyata ba. Wanda kuma ya sabunta daga 10 zuwa 11 ya ga firintarsa ta ƙi aiki, yana da kwana goma da zai iya komawa ta cikin saituna kafin a goge tsofaffin fayilolin.