Sandar Ƙarfe a Kan Waya: Tarihin Iyakar Ƙarfin Wuta

A ɗakunan gwajin kayan lantarki akwai na'urar da ke karɓar wutar bango ta mayar da ita daidai ƙarfin da injiniya ya nema, ko bolt 12, ko 5, ko 3.3. Galibin na zamani suna da ma'auni na biyu: iyakar da idan wuta ta haura ta, na'urar za ta katse kanta. Mutane da yawa kan bar shi yadda ya zo daga masana'anta. Wanda ya san asalinsa ba zai yi wannan ganganci ba.

Matsalar ta tsananta ne a shekarun 1960, lokacin da kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fitar da ƙananan ƙwayoyin lantarki na jerin 7400, waɗanda suka cika kwamfutocin wancan zamani. Da bolt 5 suke aiki, kuma bolt 7 ne iyakar abin da za su iya jurewa. Na'urorin ba da wuta na lokacin kuwa suna samar da ƙarfin da ya zarce buƙata, sai tiransista guda ta rage shi. Idan ta ƙone, sau da yawa ba ta yanke hanya. Narkewa take yi ta zama kamar waya, ɗanyar wutar ta kwarara cikin allon baki ɗaya. Fiyus ba ya ceto a nan, domin yawan wutar da ke gudana yake lura da shi, kuma yana da nawa.

Maganin ya zo ta hanyar SCR, wani makunni da General Electric ya ƙera a 1957. Halinsa shi ne da zarar an kunna shi, ba ya sakewa sai an yanke wutar. Sai injiniyoyi suka gicciya shi a bakin fitar wuta, suka haɗa shi da diyod mai sa ido. Ƙarfi na haura iyaka, SCR zai haɗe wayoyin biyu cikin ƙasa da ƙiftawar ido, fiyus ya tsinke, allon ya tsira. Sunan dabarar a Turanci yana nufin sandar ƙarfe, kamar an jefa ta a kan wayoyi da gangan.

Daga baya kwamfuta ta karɓi ragamar. Tsarin sadarwar da Hewlett-Packard ya ƙirƙiro ya zama ƙa'idar IEEE 488 a 1975, sannan harshen umarni na SCPI ya biyo baya a 1990. Sauƙin ya zo da sabon haɗari: mai rubuta umarni ya manta ɗigo ɗaya, 3.3 ta zama 33, na'urar kuma ta yi biyayya. Haka nan idan wayar awo ta zame daga jikin allon, na'urar na iya ɗauka wuta ta yi ƙasa, ta yi ta ƙarawa.

Shi ya sa ake saita iyakar tun kafin a saki wuta. A ɗora ta sama kaɗan da ƙarfin aiki, don kada ƙaramin motsi ya riƙa katse gwaji, amma ƙasa da abin da kayan za su jure. Ga allon bolt 5, wajen 5.5 zuwa 6 ya wadatar. Sannan a gwada ta ba tare da an jona komai ba: a ɗaga wutar a hankali har a ga ta katse, kafin a damƙa mata allon da aka yi watanni ana haɗawa.