Ganuwar Itatuwa ta Afirka da Kudancin Sakkwato

Ganuwar Itatuwa shiri ne na haɗin gwiwar ƙasashen Sahel domin tare kwararowar hamada da farfaɗo da ƙasar noma da kiwo. Tushensa yana cikin farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980, wanda ya halaka dabbobi ya kuma tashi ƙauyuka da dama. Shugaba Olusegun Obasanjo ne ya gabatar da shawarar a 2005, Abdoulaye Wade na Senegal ya mara masa baya, sannan Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007. A 2010 ƙasashe 11 suka sa hannu a Njamena kan kafa hukumar haɗin gwiwa, wadda hedikwatarta ke Nuwakshot. Niyyar farko ita ce a dasa zirin itatuwa mai tsawon kilomita kusan 8,000 da faɗin kilomita 15, daga Senegal har Jibuti.

A Nijeriya, Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da aikin a Bachaka ta Jihar Kebbi a 2014, dokar kafa hukumarsa ta ƙasa kuma ta biyo baya a 2015. Jihohi 11 ke cikin shirin, har da Sakkwato. An ja layin ganuwar ne kusa da iyakar Nijar, saboda haka Tambuwal da Kebbe na kudancin Sakkwato suna kudu da shi. Amma a wannan kudancin ne ake da sauran itatuwan da za a ceta, kuma sunan garin Dogon Daji kaɗai ya isa shaida kan abin da yankin ya kasance a da. Gatarin masu itacen girki da faɗaɗa gonaki sun ci abu mai yawa.

Dashen bai tafi yadda aka so ba. Burin shi ne gyara hekta miliyan 100 da samar da ayyuka miliyan 10 kafin 2030, amma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna hekta miliyan 4 kacal aka gyara a cikin yankin aikin. Dashe da yawa sun mutu saboda rashin ban ruwa da shinge. A taron Paris na Janairun 2021 aka yi alkawarin sama da dala biliyan 14, Bankin Duniya kuma ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na jihohin Arewa a ƙarshen shekarar.

Abin da ya fi yin albarka daga gonakin Hausawan Maraɗi ya fito. Tun daga 1983 manoma a can suka rungumi sassaben zamani: idan kututture ya tofo, sai a zaɓi rassa kaɗan a raine su, a sare sauran. Da haka gawo da sabara da kalgo suka dawo a kan kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, ba da kuɗi mai yawa ba. Manomi ya kula da itacen ne domin ya tabbata nasa ne.

Nan kasuwa ta shigo. Ƙaron da ake samu daga dakwara yana fita har Turai, ɗiyan gawo abincin dabbobi ne da ake saye da rani, kuka da aduwa da magarya kuwa kowace kasuwar ƙauye ta san su. Game da fatauci tsakanin ƙasashe kuwa, Nijeriya da Nijar suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, kuma a Yamai Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan yarjejeniyar cinikayya maras shinge ta Afirka a Yulin 2019. Wata guda bayan haka aka rufe iyakokin Nijeriya har Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar a 2023 bayan juyin mulki. Kowace rufewa ta tsayar da fataucin garuruwan iyaka na Illela da Ƙonni.

Manomin Tambuwal da na Kebbe ba sa bukatar jiran ganuwa ta iso gare su. Abin da ya kamata hukumomi su ba su shi ne tabbacin mallakar itacen gonarsu, da kasuwar da za ta sayi abin da itacen ya haifa.